Yadda za ka ziyarci tsoffin wuraren bautar Hindu, Jain da Sikh a Indiya ba tare da ka kwafsa ba

Jinya ce ta fara kai ni Indiya. Yayana aka yi wa aikin ƙashin baya a Delhi, bayan an sallame shi likita ya ce mu zauna kusa ana duba shi, toh kullum ina ɗaki daga kallon silin sai latsa waya, har ranar da na gaji na hau metro na sauka tsohon gari. Daga nan abin ya shiga raina, zuwana na biyu da na je saro kaya sai da na ware kwana goma sha biyu na zaga. Mu da muka taso da kallon fim ɗin Indiya gani muke mun san wuraren nan, ana kaɗa ƙararrawa ana watsa fulawa jaruma na kuka gaban gunki, amma wallahi ranar da ka tsaya a ƙofar da ƙafarka za ka gane ba ka san komai ba, ko inda za ka ajiye takalmi ba ka sani ba.

Ni Musulmi ne, kallo da neman sani suka kai ni. Su kuwa mutanen da za ka tarar a layi ibada suka zo, wata tsohuwar ta shekara da shekaru tana tara kuɗin motar kamar yadda namu ke adashin Hajji. Don haka abu biyu za ka riƙe tun daga gida: dokar masu wurin, da iyakar da addininka ya sa maka. In ka san su tun kafin ka isa ƙofa babu wanda zai ji haushinka, kai ma ba za ka dawo kana istigfari ba.

Mataki na ɗaya: takardu da lokacin tafiya

Biza dai ta ofishin jakadancin Indiya ake nema, a Abuja ko Legas ga 'yan Najeriya, kuma kar ka manta da katin allurar shawara, wannan yalo kad ɗin, don ana tambayarsa a filin jirgi. In bizar jinya ko ta karatu gare ka, tambayi asibitin ko makarantar kafin ka bar gari, akwai ofishin rajistar baƙi da suke kira FRRO kuma ba a wasa da shi. Fasfo na ainihi ya kasance a jikinka, duk otal sai sun cika fom da shi, wasu wuraren bautar ma sai sun gani.

Ka je tsakanin Oktoba da Maris. Afrilu zuwa Yuni zafin arewacin Indiya yakan haura digiri 40, kuma ka tuna ba takalmi za ka taka dutsen marmara da tsakar rana, ko ɗan Sakkwato sai ya yi rawa. Yuli zuwa Satumba damina ce. Disamba da Janairu kuma hazo ne mai sanyi da ke sa jirgin ƙasa ya makara awanni, saboda haka kar ka haɗa tafiya a ƙure. Ka duba kalanda ma, ranar babban biki ba ranar baƙo ba ce. A taron Kumbh Mela na Prayagraj a Janairun 2025 turmutsutsu ya kashe mutum aƙalla 30.

Mataki na biyu: zazzage jakarka

Wannan shi ne inda mu Hausawa muka fi faɗawa. Kilishi, dambun nama, duk wani abu na naman sa, bar shi a gida. Saniya abin girmamawa ce wurin Hindu, jihohi da dama sun haramta yanka ta, kuma an sha kai wa mutane hari kan zargin naman sa kawai. Ba wasa nake ba.

Sai fata. Wuraren Jain ba a shiga da bel na fata, walat, jaka, madaurin agogo, kuma in kana da laya da aka ɗinke da fata ita ma fata ce. Sigari, anwuru da duk dangin taba ba sa shiga wurin Sikh ko a aljihu ne. Abin da za ka ɗauka: silifas mai sauƙin cirewa, wando mai zariya, riga mai rufe kafaɗa, da hirami ko babban hankici na ɗaure kai. Hularmu ta zanna ko facing cap ba lallai su karɓa a matsayin rufe kai ba, ƙyalle suka fi so. Mata kam kun huta, hijabi ko mayafi ya gama magana. Ka canza kuɗi ka riƙe ƙananan rufi, goma-goma da ashirin-ashirin, na mai gadin takalmi da ruwan gora.

Mataki na uku: fara gwaji a titi ɗaya

Kafin ka sayi tikitin ko'ina, je Chandni Chowk a tsohon Delhi, ka sauka tashar metro ta Lal Quila. Titi ne da bai kai kilomita biyu ba amma duk addinan suna jere a kai. Daura da Jan Ganuwa, tsohuwar fadar sarakuna da suke kira Lal Quila, akwai Lal Mandir na Jain, tun 1656 zamanin sarki Shah Jahan, a harabarsa har asibitin tsuntsaye akwai, na ga tantabara da bandeji a fiffike na tsaya ina dariya ni kaɗai. Kusa da shi Gauri Shankar na Hindu. Gaba kaɗan Gurdwara Sis Ganj na Sikh, inda aka fille kan Guru Tegh Bahadur, shugaban Sikh na tara, a 1675 bisa umarnin sarki Aurangzeb. A ƙarshen titin kuma masallacin Fatehpuri na 1650, nan za ka yi azahar. A wuni ɗaya za ka koyi cire takalmi, karɓar lamba, rufe kai da bin layi, in ka yi kuskure ma cunkoso zai rufa maka asiri.

Gaisuwa uku kacal: wurin Hindu namaste, wurin Sikh sat sri akal, wurin Jain jai jinendra. In zuciyarka ba ta kwanta da faɗinsu ba, ɗora hannu a ƙirji ka yi murmushi, ya isa.

Mataki na huɗu: Amritsar

In wuri ɗaya kawai za ka iya zuwa, nan ne. Daga Delhi kusan kilomita 450 ne, jirgin ƙasa na Shatabdi na safe yana kai ka cikin kamar awa shida. Tikiti ka saya da wuri ta manhajar jiragen ƙasa ta IRCTC. A bakin tashar New Delhi wani mai tsaf-tsaf da shi zai tare ka ya ce ofishin tikiti a rufe yake ko an mayar da shi wani wuri, ƙarya ce, shagon abokinsa zai kai ka. Ni sai da na shiga keke napep ɗin da ya tsayar min kafin jikina ya ba ni na dire.

Sunan wurin Harmandir Sahib, wasu na cewa Darbar Sahib, shi ne babban wurin bautar Sikh. Guru Ram Das, shugabansu na huɗu, shi ya kafa garin ya haƙa tafkin a 1577, ɗansa Guru Arjan ya gina ɗakin a tsakiyar ruwa ya ajiye littafinsu a ciki a 1604, zinaren da ake gani a hoto kuma sarki Ranjit Singh ne ya lulluɓa wajen 1830. Ƙofa huɗu gare shi, gabas yamma kudu arewa, ma'ana kowa ya zo. Sikh ba su da gunki, Allah ɗaya suke cewa, abin da ke tsakiyar ɗakin littafi ne mai shafi 1430, Guru Granth Sahib, kuma a cikinsa akwai baitocin Baba Farid, wani shehin Sufaye Musulmi. Da yawansu suna ba da labarin cewa Mian Mir, waliyyin Lahore, shi ya aza tubalin farko.

Ga yadda za ka yi. Ka fara zuwa jora ghar, ɗakin ajiye takalma, ka cire har safa, su ba ka lambar ƙarfe, kyauta ne, kuma wanda ya karɓi silifas ɗinka da hannu biyu zai iya zama likita ko attajiri da ya zo aikin lada, sewa suke kiransa. Ka ɗaure kai. Ka wanke hannu, sannan ka bi ta cikin ɗan kwalbatin ruwa da ke bakin ƙofa, kar ka tsallake shi, don wanke ƙafa aka yi shi. Matakala ƙasa take sauka, sai kawai ka ga ruwa da zinare sun buɗe a gabanka, gaskiya na daɗe a tsaye. Mutanen da ke gefenka za su zube su kai goshi ƙasa. Kai ba sai ka yi ba, matsa gefe kar ka tare hanya, ba wanda zai kalle ka. Zagayen tafkin ta hagu ake farawa, wato ruwan yana damanka, akasin yadda muke ɗawafi. In za ka zauna a bakin ruwa ka tanƙwashe ƙafa, kar ka tsoma ta ciki ko ka miƙe ta wajen ɗakin, masu gadi masu shuɗin rawani da mashi za su zo su gyara maka zama. Inda mata ke wanka a killace yake, kar ka ɗaga waya ta wajen.

Layin shiga ɗakin tsakiya ta kan gada yake, wani lokaci ya ci awa biyu, ba a hoto a ciki. In ka shiga za ka tarar ana rera karatu da harmoniya da tabla, ka wuce a natse. A hanyar fita ana ba da karah parshad, wani abu kamar alkaki mai laushi na fulawa, sukari da man shanu da aka yi wa addu'arsu. Ni ban karɓa ba, na ɗora hannu a ƙirji na wuce, mutumin ya gyaɗa kai kawai. Wannan ka tambayi malaminka tun a gida.

Sai langar, kicin ɗin da ke ciyar da dubun dubatar mutane kullum dare da rana, ba a tambayar addininka ba a karɓar ko sisi. A ƙofa a miƙo maka faranti, kwano da cokali, ka shiga zaure ka zauna a ƙasa a sahu, masu rabo na bi da bokiti suna zuba miyar wake da suke kira dal, da shinkafa da madara. Babu nama ko ƙwai. Gurasar, roti, hannu biyu ake tarawa a sako maka, na miƙa hannu ɗaya irin namu yaron ya tsaya yana jira har na gane. Kar ka karɓi abin da ba za ka cinye ba. Suna cewa sarki Akbar ma da ya ziyarci Guru Amar Das sai da ya zauna a sahu ya ci kafin a gan shi. Abin da ya fi tsaya min a rai ƙarar wanke-wanke ce, ɗaruruwan mutane a jere ana jefa farantan ƙarfe, kamar kasuwar maƙera, na naɗe hannun riga na yi rabin awa tare da su.

Ka dawo da dare wajen ƙarfe goma lokacin da ake ɗaukar littafin a kan gadon zinare zuwa Akal Takht, wani gini da ke fuskantar ɗakin zinaren, ya kwana, da asuba a dawo da shi. Akal Takht ɗin nan shi sojojin Indiya suka ragargaza a Yunin 1984 zamanin Indira Gandhi, ciwon bai warke ba, kar ka buɗe hirar. Tafiyar minti biyar daga nan akwai Jallianwala Bagh, inda sojojin Ingila suka buɗe wa taro wuta ranar 13 ga Afrilu 1919, ramukan harsashi na nan a bango. Sallah kuma ka je masallacin Khairuddin a Hall Bazaar, kar ka shimfiɗa darduma a harabar mutane.

Mataki na biyar: wuraren Jain

Su Jain ba su da yawa amma 'yan kasuwa ne na gaske, shi ya sa gine-ginensu suka fi na kowa aiki. Ginshiƙin addininsu ahimsa, kar a cuci mai rai ko kiyashi ne. Masu tsanani ba sa cin albasa, tafarnuwa da dankali saboda tono su na kashe ƙwari, ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana. Malamansu kashi biyu ne, masu farin kaya da wasunsu ke rufe baki da ƙyalle, da Digambara waɗanda manyan malamansu maza ba sa sa tufa kwata-kwata. Na faɗa maka ne don in kun yi kiciɓis kar ka yi salati da ƙarfi, kawar da kai kawai.

Ka sauka Udaipur a jihar Rajasthan ka ɗauki shatar mota zuwa Ranakpur, kusan kilomita 90 cikin duwatsu. Wani ɗan kasuwa Dharna Shah ya gina shi a ƙarni na 15 zamanin sarki Rana Kumbha, ginshiƙan marmara 1,444 kuma suna cewa babu biyu masu zane iri ɗaya. Safiya ta masu ibada ce, baƙi sai daga sha biyun rana, ni ban sani ba na yi sammako na zauna awa uku ina kallon birai. Da lokaci ya yi kuma mai gadi ya nuna ƙuguna, bel. Na cire, wandon ya yi min yawa, haka na zaga ginshiƙai dubu da ɗari huɗu hannu ɗaya riƙe da wando. Ba a shiga da abinci ko ruwa, ba a taɓa gumakan, kuma akwai allo da ke roƙon mata masu al'ada kar su shiga.

Dilwara a kan dutsen Mount Abu daga waje ba ya kama ido, ciki ne abin yake. Vimal Vasahi na 1031 ne, Luna Vasahi na 1230, an sassaƙe silin ɗin har marmara ta zama kamar leshi. Waya da kyamara a ƙofa ake barinsu, nan ma sai bayan sha biyu.

Palitana a Gujarat shi ne babbar ziyararsu, dutsen Shatrunjaya, ɗakunan bauta sama da 800 a kai da matakala sama da 3,000. Da asuba ake fara hawa, ba a cin abinci a hanya, ba mai kwana a sama, da damina kuma masu ziyara ba sa hawa. Mai ciwon gwiwa ana ɗaukarsa a doli, kujera da aka rataye a gora, ka yi ciniki tun a ƙasa. Abin mamaki a can ƙololuwa akwai kabarin wani waliyyi Musulmi, Angar Pir. 'Yan makarantarmu na Bangalore kuma Shravanabelagola ta fi muku kusa, mutum-mutumin Bahubali mai ƙafa 57 da aka sassaƙa daga dutse ɗaya wajen shekarar 981.

Mataki na shida: wuraren Hindu, da inda ba a shiga

A nan sai ka yi tambaya kafin ka cire takalmi, don ba ko'ina ake barin wanda ba Hindu ba. Jagannath na Puri ba a shiga sam, Indira Gandhi ma tana firaminista an hana ta a 1984 saboda mijinta ba Hindu ba ne. Guruvayur a Kerala haka. Meenakshi na Madurai za ka zaga haraba amma can ciki a'a. Tirupati kuwa sai ka sa hannu a takardar cewa ka yi imani da abin bautar wurin, wannan ka ga ba namu ba ne, kar ka ɓata kuɗin mota.

Varanasi ita ce wadda ya kamata ka gani, kuma ba sai ka shiga ɗaki ko ɗaya ba, komai a bakin kogin Ganga yake faruwa, a matakalan da ake kira ghat, sun haura 80. Jirgin Vande Bharat daga Delhi kamar awa takwas. Ka yi sallar asuba ka sauka Assi ko Dashashwamedh ka hau kwalekwale, ku gama ciniki kafin ka sa ƙafa, kuɗi nawa, minti nawa, kai kaɗai ko da wasu. Rana na fitowa dubban mutane na nutso suna ɗaga ruwa a tafin hannu. Kai kar ka sha kar ka yi alwala da shi, ruwan ba shi da tsabta. Da magariba a Dashashwamedh ana aarti, samari na juya manyan fitilu ana busa ƙaho, daga cikin kwalekwale ya fi daɗin kallo.

Ghat ɗin Manikarnika nan ake ƙona gawa dare da rana. A lungu za ka ji ana ram nam satya hai, ka manne da bango, makara ce ke zuwa. Kar ka ɗauki hoto, gidan makoki ne, ka ƙaddara wani ya zo maƙabartarmu yana selfi. Wani zai zo ya ce shi ma'aikacin gidan tsofaffi ne ka ba da kuɗin itace, damfara ce, ka ce nahi chahiye, wato ba na so, ka yi gaba.

Babban ɗakin bautar garin Kashi Vishwanath ne, ginin yanzu sarauniya Ahilyabai Holkar ta yi shi a 1780, kuma bango ɗaya ya raba shi da masallacin Gyanvapi na zamanin Aurangzeb wanda ake shari'a a kansa har yau. 'Yan sanda ko ta ina. Shawarata ga mai suna irin namu, kalle shi daga nesa, kuma ko direba ya ja ka da hirar kar ka tofa. Masallaci da abincin halal ka nufi unguwar Madanpura, masaƙan sarin Banaras yawancinsu Musulmi ne.

Duk inda ka shiga na Hindu, pandit, wato malamin wurin, zai miƙo yatsa da jan gari zai shafa maka a goshi, ko ya ɗaura maka zare a hannu, ko ya ba ka prasad, alewar da aka fara miƙa wa gunki, bayan nan kuma ya nemi kuɗi. Tun kafin hannunsa ya iso ka ja baya taku ɗaya ka ce main Musalman hun, sirf dekhne aya, ni Musulmi ne kallo kawai na zo. Sau ɗaya ne kawai wani ya ɓata rai, sauran dariya suka yi suka nuna min inda zan tsaya.

Mataki na bakwai: ciki da sauran ƙananan abubuwa

Garuruwan ziyara da yawa ba a sayar da nama kusa da wurin bauta, Palitana ma gaba ɗaya an hana tun 2014, ka shirya zama da dal da roti. Koren ɗigo a jikin leda na nufin babu nama, ja ko ruwan ƙasa akwai. A Punjab, jihar da Amritsar take, in za ka ci nama ka tambaya halal ne ko jhatka, don Sikh sara ɗaya suke yi ba yanka ba. Ruwa na gora kawai, ka duba murfin. Birai na fizge tabarau da leda. Za a kalle ka, kallo na ƙurilla, wasu su nemi hoto da kai wasu su yi magana mara daɗi saboda baƙar fata, na hoton in ka ga dama ka yi, na biyun ka share. Mace kar ta bi lungunan Varanasi ita kaɗai da dare.

Wanda kuma Mumbai ya sauka kuma kwana biyu kawai gare shi, ya hau jirgi zuwa Aurangabad, da yanzu ake kira Chhatrapati Sambhajinagar, ya je Ellora. Koguna 34 ne a jere cikin dutse, na Buddha, na Hindu da na Jain, tikiti ake saya a shiga ba ruwan kowa da addininka. Na 16 shi ne Kailasa, wanda aka sassaƙo daga sama zuwa ƙasa cikin dutse ɗaya a ƙarni na 8, ka hau ta gefen dutsen ka leƙo shi daga sama kafin ka shiga. Kabarin Aurangzeb na nan kusa a Khuldabad, akwai masallaci, sai ka yi la'asar a can. Ranar Talata Ellora a rufe take.